Ni ma na kwana da wannan tambayar

Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, kamar ni na rubuta ta. Ka ce abokinka ya ce maka tsarin da ke cikin halitta ba hujja ba ne cewa akwai Allah, wai kimiyya ta gama bayaninsa, kuma tun ranar ka rasa natsuwa a salla. Wallahi na san ciwon nan.

Ni a Samaru ta Zariya ya same ni, ina ɗalibi. Wanda muke ɗaki ɗaya ya kawo min zancen Paley, Baturen Ingila da ya rubuta a 1802 cewa wanda ya tsinci agogo a fili ya san akwai wanda ya ƙera shi, balle idon mutum. Ina cikin murna sai ya ce ai Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya zo a 1859 ya ce halittu a hankali suke sauyawa, mai dacewa da muhallinsa ya rayu ya hayayyafa. Wata uku baki na karatu a salla, zuciya na gardama. Na rame.

Sai na hau mota zuwa cikin gari wurin wani malami da nake girmamawa, bayan magariba, zaure cike da ɗalibai. Ban gama magana ba ya daka min tsawa, wai boko ya cinye ni, in sake kalmar shahada kafin in ƙara zama a tabarmarsa. Yara suka yi ta kallona. Ko takalmina ban iya sawa daidai ba. Da ƙafa na taka har Tudun Wada ina kuka. Magani na je nema fa! Na yafe masa, amma har yau idan na bi ta layin nan sai na kau da kai. Don Allah kada ka kai wannan tambayar gaban taro, ka nemi malami mai haƙuri, ku biyu kawai.

Abin da ya fara sanyaya min rai hadisin nan ne na Muslim: sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan abin da suke ji a zuciya wanda ba sa iya furtawa, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Tsoron da kake ji, shi ne shaidar imaninka na nan.

Game da tsarin kuwa, ni na gamsu hujja ce. Ranar 29 ga Maris 2006 aka yi kusufin rana. Tun kafin nan masana sun faɗi ranar da sa'ar, haka kuwa rana ta dushe a Zariya, a Gusau ma duhu aka yi sosai. Na tsaya ina tunani: sun iya lissafin ne don akwai ƙa'idar da ba ta saɓawa. To wa ya kafa ta? Ko ka karɓi bayanin Darwin, yadda abu yake gudana ya faɗa, bai faɗi daga ina ƙa'idar ta zo ba. Ibnu Rushdi, malamin Musulunci na Andalus wanda ya rasu a 1198, ya daɗe da kafa hujja da yadda dare da rana da ruwa suka dace da rayuwar ɗan Adam.

Amma kada ka ɗora wa hujjar kayan da ba nata ba. Tana nuna Mai tsarawa ne, sauran saninsa wahayi ke kawowa.

Ka daina gardama da abokin nan da daddare, kuma kada ka tsane shi. Ka riƙa karanta Tabaraka kafin barci, ka tsaya a aya ta 3. Ka ci abinci kuma, don ni yunwa da rashin barci sun ƙara min abin sosai.