Yadda rediyo ke yini a Damagaram

Malam, ka aiko daga Kano kana tambaya ko rediyonmu na Damagaram irin naku ne, tunda Hausa ɗaya muke yi, agogonmu ma ɗaya. Agogon kam ɗaya ne. Amma in ka kunna akwati a unguwar Birni ko Zango, kafin ka gama shan koko za ka san ka tsallako iyaka.

Tashoshinmu iri uku ne: Muryar Sahel ta gwamnati, masu zaman kansu irin su Anfani, sai ƙananan rediyon karkara da ba sa wuce ƙauyukan kewaye. Kusan duka da karatun Alƙur'ani suke buɗewa bayan asuba, kuma lokutan salla ne ke yanka yinin. Shirin da ya ci karo da kiran magariba, shi ne zai kauce.

Daga nan sai labaru, inda baƙo ke fara ruɗewa. Yawancin takardun hukuma da Faransanci suke isowa, sai a juya su zuwa Hausa, Barbarci, Fulatanci da Buzanci, kowa da ƴan mintocinsa. Ko da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, bakinmu bai rabu da kalmomin da ya saba da su ba: lakwal ita ce makarantar boko, kuran wutar lantarki, likita kuma asibitin ne kansa. Gwamnan jiha da za ka ji ana ambata naɗa shi ake yi daga Yamai, ba zaɓe ba. Babban tarkon shi ne kuɗi. Mu da dala muke ƙidaya, dala ɗaya sefa 5 ke nan. In mai kawo farashin Kasuwar Dole ta ranar Alhamis ya ce tiyar hatsi dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Jaka guda kuwa 1000. Mai fassarar da ya manta bai raba adadin takarda gida biyar ba, ya ninka farashin sau biyar a kunnen manomi, kafin azahar kuwa ƴan kasuwa sun cika tashar da kira.

Sanarwa ce ke riƙe da tasha, ita ce kuma abin da tsofaffi ba sa yarda ya wuce su. Mai rasuwa, suna, ɗaurin aure ko ɓatan dabba yakan zo da takarda, a biya gwargwadon yawan karantawa da yawan harsuna, a ba shi rasit. Ƙwararren mai karɓa ba ya sallamar mutum sai ya karanta masa sunayen da baki, domin rubutun sunaye irin na Faransanci yana cin mutane: Ousseini da Housseini, ko ƙauyuka biyu masu suna ɗaya a Mirya da Magarya. A sanarwar rasuwa dole a faɗi unguwa, gidan wa, da lokacin jana'iza. Ta ɓatan raƙumi ko saniya kuma ba ta da amfani in babu launi, shekaru da irin tambarin da ke jikinta. Wallahi kuskure ɗaya a nan ya fi na labarun duniya ciwo, don zai ɗauko mutane daga Tanut su zo gaisuwar wanda ke raye.

Da hantsi ko bayan la'asar malami ke zama. Littattafan su ne waɗanda ka sani, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, sai a buɗe layi. Abu biyu ke ɓata filin. Mai kira bai rage muryar akwatinsa ba, sai kuwwa ta dawo cikin makirfo. Na biyun ya fi nauyi: tambayar gado ko saki da aka kawo rabinta. Malamin kirki ba ya raba gado ta salula. Zai ce a zo zaure da dukan magada. Da azumi tafsiri ke cinye dare, malami da mai jan baƙi. Ka kuma sani ganin wata a nan daga Yamai ake sanar da shi, ba daga fadar Sarkin Musulmi ba, shi ya sa wata shekara mukan riga ku salla da kwana ɗaya.

Bayan isha'i sai kiɗa da gaishe-gaishe, matasa na zagaye da butar shayi a fada, wato majalisar hirarsu. Ana sa kakaki da algaita na fadar Sultan, da tsofaffin waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, da na Kano ma ba laifi. Lokacin kokawar Takobi, gasar kokawar gargajiya ta ƙasa da aka fara a 1975, wadda jihohi takwas ke karɓa bi da bi, sauran shirye-shirye duk sukan ja gefe.

Muhawara tana nan, kuma ba ta wuce ruwan sha, tsadar hatsi da taki, amma mai gabatarwa yana auna bakinsa. Dalili kuwa, hukuma ta dakatar da RFI, rediyon Faransa, a Agustan 2023, BBC kuma wata uku a Disamban 2024. Tashoshi da yawa suna ɗauko shirin Studio Kalangou, wanda ake haɗawa a Yamai tun 2016.

In ka ji tasha ta yi tsit tsakiyar magana, yawanci kuran ne. Wani kaso na wutarmu daga wajenku yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. A zafin Afrilu da Mayu na'urar watsawa kan yi zafi ta kashe kanta in ɗakin babu sanyi, ƙurar hunturu kuma ta toshe mata fanka. Mai kula da injuna yakan fara kashe na'urar, ya tada janareta, ya jira wutar ta daidaita, sannan ya mayar. Wanda ya yi gaggawa ya ƙona kayan, sai a jira na gyara daga Kano ko Yamai, wani lokaci mako biyu.