Filin Tambayoyin Masu Karatu: Binne, Kututture da Jar Akuya

Wasiƙun wannan wata sun iso mana a tsakiyar damina, kuma uku daga cikinsu sun fito ne daga hannun mutanen da ke yini a bakin aiki a karkarar Maraɗi. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsibiri, kuma a gidan masu bi aka haife ni. Da zarar damina ta faɗi nakan fita tun kafin rana ta ɓullo, ba na dawowa sai la'asar sakaliya, idan kuma na buɗe Littafi Mai Tsarki da dare, barci yakan kwashe ni kafin in gama aya uku. Taron addu'a na tsakiyar mako ma ya gagare ni. Zuciyata tana faɗa mini cewa wata huɗu na kowace shekara duniya nake ba wa, Allah kuma sai abin da ya ragu. Akwai abin da mai hauya zai samu na ruhaniya a cikin gona, ko kuwa sai in haƙura har kaka?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da aiki, ina gajiya? Ina ganin kuskuren yana cikin lissafin da ka yi, domin ka raba shekararka gida biyu, ka ce wannan na Allah ne, wancan na duniya, alhali Littafin da kake barci a kansa bai yi wannan rabo ba. A Farawa 2:15 an sa mutum a gona don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta, tun kafin a yi maganar zunubi. Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa da shanu lokacin da ya kira shi, Amos kuwa da bakinsa ya ce makiyayi ne shi, mai lura da itatuwan ɓaure. Misalan da Yesu ya bayar game da iri da ƙasa da ciyawa da girbi, ga mutane irinka ya faɗe su, kuma na tabbata akwai abin da kake ganewa a cikinsu wanda mu masu zaman tebur ba ma ganewa sai an yi mana bayani.

Ɗauki binne. A ƙasarmu, inda ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 400 zuwa 600, mutum yakan ɗauki sungumi a ƙarshen bazara, ƙasa tana ƙuna, ya sara rami, yaro yana biye da shi yana zuba iri yana rufewa da diddige, ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ya sauka ba. Irin nan kuwa daga cikin abincin gida aka keɓe shi, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Idan aka yi yayyafi kaɗan sannan sama ta ɗauke, irin ya tsira ya ƙone, sai a sake. Mai Hadishi 11:4 yana cewa wanda ya tsaya duban iska ba zai yi shuka ba, Markus 4 kuma yana ba da labarin mutumin da ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin yana tsiro ba tare da ya san yadda aka yi ba. Kai da ka yi binne sau ashirin ko talatin a rayuwarka, ka san ma'anar yin iyakar naka sannan ka bar sauran a hannun Allah, ka san ta a gwiwoyinka da ƙugunka.

Amma darasin da ya fi kama zuciyata yana nan a ƙofar gidanka, domin a yankin Maraɗi ya faru. Tsofaffi za su gaya maka cewa a da, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, duk wani toho da ya fito daga kututture a sare shi a ƙone lokacin sassabe. Bayan farin shekarun 1970 ƙasa ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har sai an yi shuka sau biyu ko uku. Wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Nijar a 1981 tare da mishan ɗin SIM, ya yi ta raba dashen itatuwa, yawancinsu kuma suna mutuwa saboda rana da gara da awaki. A 1983, kamar yadda shi kansa yake ba da labari, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, cikin karayar zuciya da addu'a, sai ya duba wani ɗan kurmi da ke gefen hanya, ya gane daga ganyensa cewa itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa tana ta ƙoƙarin tohowa. Ashe dajin da ake kukan ya ɓace yana kwance a ƙarƙashin gonaki.

Daga nan aka fara abin da muke kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi har ya zama itace. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa a gonakinsu, amma da aka daina rabon, da yawa suka koma suka sare. Waɗanda suka bari, waɗanda aka yi wa dariya ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona, su ne suka fara samun itacen girki da harawa da inuwa, hatsinsu kuma ya fi tsayawa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, Musulmi da Kirista baki ɗaya, har masu bincike suka ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar da itatuwa kimanin miliyan 200, a 2018 kuma aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Sai dai a faɗi gaskiya, hannun manoman Maraɗi da Damagaram ne ya yi aikin.

Yanzu ka buɗe Ayuba 14:7-9. Ayuba yana cewa itace yana da sa zuciya, ko an sare shi zai sake toho, ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa zai fid da rassa kamar sabon dashe. Ishaya 11:1 kuma yana kiran Almasihu toho daga kututturen Yesse, wato daga gidan sarautar da kowa ya ɗauka ya ƙare. Ka tuna da wannan duk lokacin da ka tsaya a kan kututturen kalgo ko sabara, ka kuma tuna da mutanen da ikilisiya ta yanke ƙauna daga gare su: yaron da ya tafi bida ya daina aiko da saƙo, dattijon da ya yi fushi ya bar zuwa sujada shekara biyar. Mun fi son sabon dashe, domin ana iya ƙirga shi a rubuta a rahoto, amma sau da yawa mai saiwa yana zaune a gida uku daga majami'a ba wanda ya je gaishe shi.

Ka lura kuma da yadda ake gyaran. Kututture ɗaya yakan fid da toho goma ko fiye, kai kuma sai ka zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarfi miƙaƙƙu, ka cire sauran, sannan ka rage ƙananan rassa har wajen rabin tsawon sandar. Da kaifin ƙarfe ake yi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage ya bar rauni. Haka ma cirar hatsi: rami ya tsiro da yawa, duka kore shar, amma sai ka bar uku, domin idan ka ji tausayinsu ka bar su duka, kara za ka girbe. Yahaya 15:2 yana cewa reshen da ke ba da 'ya'ya shi ne ake tsabtacewa don ya ƙara bayarwa. Abin da ake cirewa sau da yawa lafiyarsa lau, yawa ne kawai ya yi. Mai bi da ya ɗauki kwamiti biyar a ikilisiya, ga gona, ga kasuwa, ga iyali, ya kamata ya yi tunani a kan wannan, haka kuma wanda zai tsawata wa ɗan'uwansa ya koyi yanka ba tare da yage ɓawo ba.

Game da barcin da ke kwashe ka, shawarata ita ce ka juya lokacin. Ka karanta aya ɗaya da asuba, ka tafi da ita gona ka yi ta juya ta a zuciya tsakanin kunya da kunya, ko ka sa a zuba maka karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa a katin wayarka ka saurara lokacin da ka zauna shan fura. Sujadar Lahadi kam kada ka bari noma ya cinye ta, domin gona ba za ta ba ka Jibin Ubangiji ba, ba kuma za ta yi maka gargaɗi idan ka kauce ba.

Tambaya: Malam, ni gwauruwa ce daga wajen Madarunfa. Bara ƙuduji ya cinye mini gona, dami tara kawai na samu, maƙwabcina kuwa wanda ba ruwansa da ibada ya cika rumbu biyu. Wata a cikin zumuntar mata ta ce in bincika kaina, wai gona madubin zuciya ce. Maganar ta hana ni barci. Haka ne?

Amsa: Inna, Allah ya ƙara haƙuri, ya kuma ba da damina mai albarka. Maganar da aka faɗa miki ba daidai ba ce, kuma ita ce haɗarin da ke tattare da duk abin da na rubuta a sama. Ana iya koyon darasi daga gona, amma ba a karanta hukuncin Allah a kan mutum daga yawan dammansa. Matiyu 5:45 ya ce Allah yana sa ranarsa ta fito wa mugaye da nagargaru, yana kuma sako ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Abokan Ayuba irin wannan lissafi suka yi masa, a ƙarshen littafin kuma Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba. Da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, a Yahaya 9, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Ƙuduji yana da dalilinsa a fili. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, kuma tun kafin ki ga furensa mai kyan nan ya riga ya manne wa saiwar hatsi yana tsotsonta. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ake shuka mata hatsi shekara bayan shekara ba taki. Mai shanu da amalanke yana kai taki gonarsa tun rani, macen da ba ta da dabba ko mai taimako ba ta iya yin haka, kuma ina kyautata zaton bambancinki da maƙwabcinki ke nan. Ki tumɓuke shi kafin ya yi fure, ki fitar da shi daga gonar, ki sa wake ko gujiya a inda ya fi yawa, ki kuma zuba ɗan takin da kika samu a gindin shuka maimakon watsa shi ko'ina.

Sauran maganar ta ikilisiyarku ce. Littafin Firistoci 19:9-10 ya umarci mai gona kada ya girbe har gefe, ya bar kala saboda matalauci da baƙo, da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta. Mu kuma muna da gayya tun kaka da kakanni. Idan matasan majami'arku suka ba gonarki safiya ɗaya lokacin noman fari, wani mai amalanke kuma ya kai miki taki sawu uku, sun yi wa'azin da ya fi na waccan 'yar'uwa. Ki nuna wa fastonku wannan shafi.

Tambaya: Baba, ni ɗan makaranta ne a Gidan Rumji, ina kiwon awakin mahaifiyata lokacin hutu. Me ya sa a Matiyu 25 aka sa tumaki a dama, awaki a hagu? Akuyarmu ce take ba ƙannena nono.

Amsa: Ɗana, tambayarka ta sa ni murmushi, kuma ta cancanci amsa daga Maraɗi, garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwarta. Littafi Mai Tsarki bai ƙi akuya ba. Fitowa 12:5 ta yarda a ɗauki dabbar Idin Ƙetarewa daga tumaki ko daga awaki, da gashin awaki aka saƙa murfin alfarwa ta sujada, Karin Magana 27:27 kuma tana lissafa nonon awaki cikin abin da ke ciyar da gida. A misalin nan Yesu yana nuna makiyayi ne da ke ware garken da ya yini a gauraye, abin da kai ma kake yi da yamma ba tare da ka yi kuskure ko sau ɗaya ba, domin ka san kowace dabba da kamanninta. Ka karanta daga aya ta 35 ka ga abin da aka duba wajen warewar: abinci ga mai yunwa, ruwa ga mai ƙishirwa, masauki ga baƙo. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka kuma tsare awakin daga tohon da manoma suka bari a gonakinsu, domin a shekarar farko ba shi da abokin gaba kamar su.