Shan ƙwayoyin zinc da selenium kullum

Hajiya, kin tambaya ko ki riƙa sayen ƙwayoyin zinc da selenium a kemis kina sha kullum, tunda an ce suna hana tsufa da ciwon daji. Ni dai shawarata kar ki fara, sai in likita ya rubuta miki.

Gaskiya jiki na buƙatarsu, domin ma'adinai ne da ake samu a abinci, amma ɗan mitsitsi. Lokacin da jiki ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, yakan fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Zinc da tagulla da selenium na cikin abubuwan da jiki ke yaƙar wannan tsatsar da su. Daga nan ne 'yan talla suka samo zancensu.

To amma an gwada. A Amurka da Kanada an yi bincike da maza fiye da 35,000, aka ba wasunsu selenium ko bitamin E, aka dakatar da ba su ƙwayoyin a 2008 saboda ba su hana kansar furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) ba. A 2011 ma aka gano masu shan bitamin E sun fi kamuwa. Shi kuma zinc in ya yi yawa yana hana hanji tsotsar tagulla, jini ya yi ƙasa, ƙafafu su riƙa mutuwa.

Inda zinc ke da amfani na gaske shi ne gudawar yara: kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Ke kuwa nama, kifi, ƙwai, wake da gyaɗa sun ishe ki.