Tsoffin kamfen za su nuna mini nawa zan nema?

Ɗan'uwa na Jidda, ka tambaya ko alƙaluman tsoffin kamfen na neman gudummawar jama'a za su taimaka wajen tara wa wasan kwamfutarka kuɗi. Sosai kuwa, amma ka auna kanka da tsararka: ƙananan wasanni irin naka, har da waɗanda suka faɗi, don shafukansu na nan a Kickstarter, dandalin intanet da ake tara wa ayyuka kuɗi daga jama'a. A can in ba ka cika adadin da ka nema ba, ko sisi ba ka samu. In ka cika, a cire kashi 5 cikin 100, ban da cajin kati. Yawanci kuɗi kan zubo a kwanakin farko da na ƙarshe, tsakiya shiru, don haka tara mabiya tun kafin ka buɗe. Saudiyya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe kamfen, sai ka tuntuɓi lauya kafin rajistar kamfani a waje.