Na goge hotunana kafin in kai kwamfuta gyara, sun tafi ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Kwamfutata HP ce, ta hannu na saya shekara uku da suka wuce. Yanzu ta yi nauyi, sai ta ɗauki kusan minti goma kafin ta gama buɗewa, ga zafi, ga fanka tana ta ƙara. Mai gyara ya ce in bar masa ita kwana biyu ya yi mata fomat. A cikinta akwai hotunan bikina da na ƙawayena, wasu ko mayafi babu, ga hoton katin NIN da takardun banki. Na kwashe su a filash, na goge, na zazzage Recycle Bin ma. Duk da haka hankalina ya ƙi kwanciya. Ko akwai yadda za a yi a gansu? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki kai ta tukuna.

Maganar nauyin ba ta da wuya. Ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, tagar da ke nuna aikin kwamfuta (Task Manager) za ta buɗe, sai ki duba layin Disk. In kika ga ya kafe a kashi 100 alhali ba ki buɗe komai ba, mai yiwuwa tsohon faifan ajiya ne mai juyawa ya gaji. Zafin da ƙarar kuwa ƙura ce ta toshe fanka, abin da muke gani duk bayan hunturu. Fomat ba ya share ƙura, ba ya kuma mayar da tsohon faifai yaro. Wasu masu gyara sun mayar da shi kamar farasitamol, kowace cuta shi za a ba ta, bayan wata guda kwamfuta ta koma gidan jiya.

Abin da ya fi damuna shi ne gogewar da kika yi, domin kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan fahimtar. Hotunanki suna nan. Idan aka goge fayil a irin wannan faifai mai juyawa, Windows ba ya taɓa ainihin abin da ke kan faifan. Sunansa kawai yake cirewa daga rajista, ya rubuta cewa wurin ya zama fili. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya a littafinsa, amma kayan suna jibge a ɗaki har ranar da wani zai tare. Kafin sabon fayil ya hau kan wurin, duk wanda ya ga dama zai iya dawo da tsohon. Ba sai gwani ba. Manhajojin dawo da fayil irin su Recuva da PhotoRec kyauta ake sauke su, kuma da wuya ki sami shagon gyaran da babu irinsu, tunda da su ake ceto wa mutane aikin da ya ɓace. Wuƙar da ake yanka rago da ita, ita ce dai ke yanka hannu.

Fomat ɗin da ake ta kurarantawa ma haka yake. Na gaggawa, wanda ake gamawa cikin daƙiƙoƙi, sabuwar rajista kawai yake shimfiɗawa, kaya na nan a ƙasa. Shi ne kuma wanda akasarin masu gyara suke yi, don ba su da lokacin jiran cikakken da ke bin faifai yana rubuta sifili. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa binciken da suka yi kan tsofaffin faifai 158 da suka saya na hannu. Guda 12 kacal suka samu an share da kyau. A sauran sun tsinci dubban lambobin katin banki da bayanan asibiti da wasiƙun mutane. Shekara sama da ashirin ke nan, amma har gobe ana sayar da kwamfuta a kasuwanninmu da wannan sakaci, mai ita yana rantsuwa ya goge komai.

Kada kuma kalmar sirrin buɗe Windows ta ruɗe ki. In an kwance faifan aka jona shi a wata kwamfutar, babu wanda zai tambayi kalmar sirri, komai a buɗe yake, sai fa in an kulle shi tun farko da BitLocker, makullin Windows da ke rufe bayanan faifai yadda ba za a iya karanta su ba. Ba a ma yi maganar kalmomin sirrin da Chrome ya adana ba, da imel da WhatsApp da kika bari a buɗe.

Shawarata guda ce, kuma za ta kashe miki tsuntsu biyu. Ki sayi sabon SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri wanda ba ya juyawa, ko mai 256GB ya isa. Ki je da ɗan'uwanki ko maigida in kina so, a kwance tsohon faifan a gaban idonki, ki sa shi a jaka. Sukurori ne kaɗan, aikin mintuna ne. A sa sabon, a ɗora Windows, a busa fankar. Nauyin zai tafi, kuma ko kwamfutar ta kwana bakwai a shago babu abin da za a gani, tunda sirrinki yana gida. In mai gyaran ya fara kawo ƙabli da ba'adi, wai sai kin bar masa tsohon, ki ɗauki kayanki ki sauya shago.

In babu halin sayen SSD yanzu, sai ki fita daga duk asusunki, ki share kalmomin sirrin burauza, ki yi Disk Cleanup ki zaɓi Thumbnails, domin Windows yana ajiye ƙananan kwafin hotuna a wani wuri daban. Sannan ki buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a matsayin mai iko (Run as administrator), ki rubuta cipher /w:C:\ ki danna Enter. Zai bi duk filin da aka goge ya rubuta a kansa sau uku. Yana iya cin sa'o'i da yawa, don haka ki tabbatar akwai wuta ko sola kafin ki fara.

Ku kuma abokan sana'ata, ku ji tsoron Allah. Wanda ya miƙo maka kwamfutarsa makullin ɗakinsa ya ba ka. An kawo gyaran fanka, me ya kai ka akwatin hotuna? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma na ga auren da ya mutu, na ga yarinyar da ta daina zuwa makaranta, saboda hoton da wani ya kwafa ya tura wa aboki ɗaya tak.

Malama, saura filash ɗin. Shi ma gogewarsa irin ta faifan ce, kuma ya fi saurin ɓata da lalacewa. Kada ki ba da aronsa, kada ki kai shi shagon buga takardu, sannan ki yi wa hotunan kwafi na biyu ki adana a gida.