Yarona yana firgita da ƙarar jirgi, babansa ya ce shagwaɓa ce

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Mu mutanen Madani ne ta ƙasar Sudan, mun baro gida a Disambar 2023 da yaƙi ya shigo garin, yanzu muna zaune a Jidda. Yarona shekararsa shida. Da zarar jirgin sama ya wuce, ko aka buga ƙofa da ƙarfi, ko mai gas ya dire tukunya a ƙasa, sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado jiki na ɓari, wani lokaci har da fitsari. Ba ya yin shiru sai na miƙa masa wayata. Yanzu kuma ko babu wata ƙara, in yana son wayar sai ya fashe da kuka, ko da a bakala (shagon kayan masarufi) ne. Babansa ya ce shagwaɓa ce, bulala ce maganinta. Ni kuwa ina ganin ciwo ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da ku gida lafiya. Ke da Malam kowa ya hango wani ɓangare na gaskiya, domin abin da ke damun yaron nan iri biyu ne, kuma kowanne hanyar shigarsa daban, maganinsa ma daban.

Na farko shi ne firgita. Wannan ba da gangan yake yi ba, ba kuma zai iya hana kansa ba. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura karnukan da yake gwaji da su suna dalalar da yawu tun kafin abinci ya iso, da sun ga mai kawo shi ko sun ji motsinsa. Sai ya riƙa saka wata ƙara kafin a ba su abinci, har ta kai ƙarar ita kaɗai tana kawo yawun. Kare bai yanke shawarar zubar da yawu ba, jikinsa ne ya haɗa alamar da abin da ke biyo bayanta. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka nuna haka tsoro ma yake shiga. Jariri ne ɗan wata goma sha ɗaya wanda ba ya tsoron farin ɓera. Duk sa'ad da aka kawo masa ɓeran sai a doki ƙarfe da guduma a bayansa. Ba a daɗe ba ya fara kuka da ganin ɓeran, har tsoron ya shafi zomo da rigar gashi. Gwajin nan zalunci ne da ba za a yarda da shi yau ba, amma ya bayyana abin da kike gani a ɗakinki. A Madani, ƙara daga sama tana nufin mutuwa, tana nufin manya na gudu suna salati. Jikin yaron ya haddace wannan darasi, kuma bai san an ƙetare Bahar Maliya ba. Tukunyar gas da ƙofa sun shigo lissafi ne saboda sun yi kama. Hausawa sun riga Pavlov faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ki duba abin da bulala za ta yi a nan. Jirgi ya wuce, yaro ya firgita, sai duka ya biyo baya. An sake tabbatar wa jikinsa cewa bayan ƙara azaba ce ke zuwa, wannan karon ma daga hannun mahaifinsa. Ina roƙon Malam da girman Allah ya ajiye bulalar nan.

Na biyu shi ne kukan neman waya, kuma a nan Malam yana da abin faɗa, ko da yake yaron bai ƙulla makirci ba. Tun 1898 Edward Thorndike ya riƙa kulle kyanwoyi masu jin yunwa a akwati, ya ga cewa duk motsin da ya buɗe ƙofa ya kai ga abinci shi kyanwa ke ƙara maimaitawa. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tattabaru: aikin da lada ya biyo bayansa yana ƙaruwa, wanda ba ya haifar da komai yana mutuwa. Yaronki ya yi kuka don tsoro, waya ta zo. Aka maimaita. Sai kuka ya zama hanyar samun waya, da tsoro ko babu. Ke ma, Hajiya, abin ya koyar da ke, domin kina miƙa wayar ihun ke tsayawa ki samu sauƙi, shi ya sa hannunki ke zuwa jaka tun kafin ki yi tunani. Ba laifi nake ɗora miki ba. Uwar da ta fito da ɗanta daga cikin harsasai, duk abin da zai sa ya yi shiru za ta yi.

Akwai abu guda da Skinner ya gano da nake so ki riƙe sosai. Tattabarar da ake ba tsaba duk sa'ad da ta caki maɓalli, in aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda ake ba wani lokaci a hana ta wani lokaci, ba ta san ranar samu ba, ita ce ke ta caka ba gajiya. To in kika hana wayar a gida, amma a bakala kunyar idon mutane ta sa kika miƙa bayan ya yi birgima, kin koya masa cewa naci yana biya. Gara ki ware masa lokacin waya sananne, misali bayan la'asar, a ba shi yana cikin natsuwa, kukan nema kuma kada ya taɓa kawo ta. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu. Haka tsarin yake, ba alamar kin yi kuskure ba ce. Ranar da ya roƙa da baki ba da hawaye ba, ki yaba masa a take, don lada da ya yi jinkiri yaro ba ya gane na mene ne.

Yadda za ki bambance kukan biyu ba wuya: na tsoro yana zuwa da ƙara, da ɓarin jiki da zufa, ido a waje, ba ya ma duba ko kina kallo. Na nema yana leƙen fuskarki. Na farko runguma yake so, ki zauna kusa da shi, murya a ƙasa, ki ce jirgin alhazai ne, ya wuce. Jikinki ya maye gurbin wayar.

Tsoron kansa kuwa ba ya fita ta hanyar ɓuya. Duk lokacin da ya shige ƙarƙashin gado ya ji sauƙi, ɓuyar ce ta samu lada, kuma jikinsa bai samu damar ganin cewa jirgin ya wuce ba abin da ya faru ba. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Tana ba shi abincin da yake so, zomon na can nesa cikin keji, kullum a matso da shi kaɗan, har yaron ya kai ga shafa shi. Ku bi wannan sawu. A fara da hoton jirgi da jirgin wasa. Sannan a kunna ƙarar jirgi ƙasa-ƙasa yana kan cinyarki yana shan abin da yake so, shi da kansa yake ƙara sautin in ya shirya. Ku bar shi ya riƙa buga murfin tukunya da hannunsa, domin ƙarar da yaro ya yi da kansa ba ta firgita shi kamar wadda ta zo ba zato. Daga baya babansa ya ɗauke shi can arewacin gari, inda ake hango jirage na sauka filin Sarki Abdul'aziz, su tsaya nesa suna ƙirgawa. In ya rikice a wani mataki, a koma na baya, kada a tilasta. Lokutan wasan wuta, kamar Sallah da ranar 23 ga Satumba, bikin ranar ƙasa ta Saudiyya, a gaya masa tun da rana cewa yau za a ji ƙara kuma ta murna ce. Ko bayan ya warware, wata rana tsoron na iya dawowa ba dalili. Pavlov ma ya ga haka a karnukansa, kuma karo na biyu ya fi saurin wucewa.

Fitsarin nan da kika ambata ya sa ba zan bar ki da shawarar rubutu kaɗai ba. In yana mafarkin tsoro, ko ya daina wasa, ko wasansa kullum harbi ne da gudu, ko maganarsa ta ragu, ki kai shi wajen likitan yara ki nemi a tura ku ga masanin halayyar yara, ki faɗi abin da ya gani a Madani ba ɓoye-ɓoye. Akwai jinya ta zama da tattaunawa da aka tsara musamman don yaran da suka ga tashin hankali, iyaye ma suna shiga ciki. Addu'o'in barci da tofi ku ci gaba da yi masa, ba su hana zuwa asibiti. Kuma in ke ma gabanki na faɗuwa da ƙarar jirgi, ki gaya wa likitan a zaman farko, domin fuskarki yaron ke fara dubawa in ya ji ƙara.