Amsa: Gyaran gidan ƙasa da kabad ɗin Kaka

Malam, ka tambaya ko za ka shafe katangar gidan ƙasan da kuka gada da siminti, da kuma yadda za ka farfaɗo da kabad ɗin Kaka. Allah ya jiƙanta.

Siminti dai ban ba ka shawara ba. Ginin tubali numfashi yake yi, yana shan laima yana fitarwa. Ka rufe shi da siminti, ruwa ya maƙale a ciki, bayan damina biyu ko uku sai ka ji bango yana ƙara kamar ganga, yaɓen ya ɓamɓare ya taho da ƙasa. Na ga haka a gidanmu, maginin da muka ɗauko ya ci kuɗinsa ya bar mu da ɓaraguzai. Nemi tsohon magini da ya iya makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Amma kafin komai hau soro ka duba indararo, don yawanci daga nan ɓarna take farawa. Azarar giginya kuwa, in ba ta ruɓe ba, bar ta, gara ba ta cika cinta ba.

Shi kabad, kada ka bari kafinta ya lafta masa fenti. In madaci ne, launinsa ya ishe shi ado. Goge shi da sanfefa mai laushi, kana bin layin katakon, sannan a shafa mai. In ka ga gari yana zuba daga ƙananan ramuka, ɗura kananzir da sirinji, ka ajiye shi a inuwa, ban da rana, don tsagewa zai yi.